Halidu Yoyo da Motar Surukinsa

Idan ka sauka Galma ka tambayi gidan Halidu makanike, za ka ga mutane suna kallon juna suna tunani. Amma ka ce Halidu Yoyo, kafin ka rufe baki hannu biyar sun nuna maka ƙofar. Ni Kalla, taubashinsa, ni na raɗa masa sunan nan a tashar Madawa, a gaban direbobi, aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Uwarsa ƙanwar ubana ce, saboda haka ina da izinin tsokanarsa yadda na ga dama, shi kuwa ba shi da ikon yin fushi. Na yi amfani da izinin nan har ya wuce kima, kuma yau idan na tuna sai kunya ta kama ni.

Abin haushin shi ne, daga Madawa zuwa Buza har ka hau Keita, a zamaninmu ba a yi mai kunnen inji kamar Halidu ba. Mota ta zo tana tari, sai ya ɗauki guntun ƙarfe ya dafa baki ɗaya a jikin inji, ɗaya a kunnensa, ya lumshe ido, ya ce ga abin da ke damunta. Idan aka buɗe a tarar haka ne. Direbobi sukan baro titi su shigo Galma takanas don ya taɓa musu mota. To amma motar da shi kansa yake tuƙawa kullum, duk inda ta tsaya sai ta bar baƙin tabo a ƙasa. Masu tuyar ƙosai a tashar Buza sun san wurin tsayuwarta ko ba ta nan. Mutumin da yake gyara motar kowa ya kasa tsayar da ɗigon mai a tasa, ai dole mu samu abin faɗa.

Motar tsohuwar kat-san-kat ce mai buɗaɗɗen baya, irin wadda muke kira bashe. Mai ita shi ne Baba Ɗangana, dattijon da ya yi ƙuruciyarsa yana fataucin albasa da kanwa a kan jakai. Ya saye ta hannu na biyu a Tawa cikin 1970, ranar Laraba, sai ya sa mata suna Tabawa. Shi bai iya tuƙi ba, bai ma taɓa gwadawa ba. Ya sa aka nemo masa direban da ya san gyara, aka kawo masa Halidu daga Azarori, saurayi maraya, dogo, mai dogon wuya da ƙarancin magana.

Ƙarancin maganar nan bai kai wata guda ba a gaban tsohon. Baba Ɗangana mutum ne mai son hira kamar me. Yana zaune gidan gaba kusa da direbansa, goro a kunci, duk dutsen da suka wuce yana da labarinsa. Nan jakinsa ya taɓa karyewa, can ya kwana uku yana jiran ruwan ƙorama ya janye. Halidu ya saki jiki, har ya fara mayar masa da magana, yana ce masa da jakin da Tabawa bai ga bambanci ba sai haniniya. A kasuwar Ibohaman kwano ɗaya suke cin tuwo. Ƴaƴan tsohon maza biyu sun tafi Abijan ci-rani tun kafin a sayi motar, wasiƙa ɗaya aka samu daga gare su, daga nan shiru. Kowa ya ga cewa dattijon ya samu wanda ya cike masa gurbi.

Sai ga Balki, autarsa. Ita ke kawo ruwan da ake zuba wa mota da safe, kuma an lura tana kawo ruwan da ya isa mota uku. Halidu ma ya koma duba inji sau biyu kafin su tashi. Tsohon ba makaho ba ne a lokacin. Da kansa ya aika Azarori ya ce a zo a nema, yana murna kamar shi ne angon. A ganinsa ya ɗaure abokinsa a gida ke nan har abada. Abin da bai lissafa ba shi ne abin da kowane ɗan Adar ya sani tun yana goye, wato kunyar surukuta.

Daga ranar da aka shafa fatiha, hira ta mutu. Halidu ba ya iya kiran sunan tsohon, ba ya iya kallon idonsa, ba ya cin abinci inda yake, ko ruwa ba ya sha. Idan ya hango shi a hanya sai ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya gaishe shi da kai a ƙasa, ya saki hanyar. Shi ma tsohon sai ya amsa yana kallon gefe. Wa ya ga suruki da suruki a gidan gaba, gwiwa na gugar gwiwa, daga Galma har Keita? Garin zai ɗauka. Baba Ɗangana ya gwada zama a baya cikin buhunan albasa sau biyu, ƙashinsa ya ƙi, ya haƙura da tafiya gaba ɗaya. Ya koma zaure yana jan carbi, mutumin da bakinsa ba ya hutawa. Saƙo tsakaninsu sai ta bakin Balki, shi ma iyakarsa a dawo lafiya, an dawo lafiya.

Wajen wata bakwai da auren, a gangaren Buza, dutse ya daki Tabawa a ciki. Ƙarƙashin inji akwai wani kwanon ƙarfe da mai yake taruwa a cikinsa, makanikai suna ce masa karte. Tsakanin bakinsa da jikin inji ana sa wata siririyar shimfiɗa da ke hana mai fita, ita ce juwan. Dutsen ya lanƙwasa bakin karten, juwan ya yage. Halidu ya lallaɓo da ita gida, ya haƙa rami a gindin bishiyar bedin da ke ƙofar zauren surukinsa, ya hau da motar bisa ramin, ya shige ƙasa. Ramin ba shi da zurfi, a tsugune ake aiki, kuma ƙofarsa ɗaya ce, ta wajen hancin mota.

Yana cikin kwance bulon, wato kusoshin da ke riƙe da karten, sai ya ji an shimfiɗa buzu a bakin ramin. Tsohon ne ya zauna, ya jingina bayansa da hancin mota, ya juya fuskarsa ga gari. Can sai ya yi gyaran murya ya ce, "Tabawa, mi yas same ki? Wane dutsi na wanga?"

Halidu ya dubi karten da ke hannunsa ya ce, "Na gangaren Buza na, wurin da jakin nan yak karye."

Tsohon ya fashe da dariya har da tari. Ranar nan aikin awa biyu ya kai su la'asar. Ba a samun juwan na kanti a Galma, da kwalin sukari Halidu ya yanka wani. Ba wanda ya ga fuskar wani, ba wanda ya kira sunan wani, da mota ake magana, saboda haka ba a taɓa al'ada ba. Masu wucewa sun ɗauka dattijo ne yake sa ido a kan dukiyarsa.

Bayan sati shida Tabawa ta sake ɗigo. Bayan wasu shida ta ƙara. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru, har na raɗa masa suna.

Ni na tafi Arlit a 1975, na samu aikin walda a garejin wani kamfanin haƙar ma'adinai. Duk zuwana gida sai Halidu ya tsare ni da tambaya. Wane irin inji ne a manyan motocin can, da me suke ɗaga shi, gaskiya ne akwai kile, wato sifana, mai faɗa maka ƙarfin ɗaurin da ka yi? Idonsa har ƙyalli yake. Yana da wani yagaggen littafin Faransanci mai hotunan injin gazuwal, wato dizal, bai iya karanta shi ba, amma ya haddace kowane hoto. Wata rana ya kama hannuna ya ce, "Kalla, ka biɗo mini wuri. Na gaji da kwalin sukari. In na zamna garin ga, haka za ni tsuhwa ban taɓa injin kirki ba." Ban taɓa jin ya roƙi kowa komai ba sai ranar.

Na yi shekara biyu ina bin shugaban garejinmu kamar kaza da mai tsaba, har Allah ya sa ya yarda. Cikin rani na 1979 na sauka Galma da takarda a aljihu. An ɗauki Halidu makaniken manyan motoci, da ɗaki mai lantarki, da likita don Balki, da lakwal, wato makarantar boko, don ƴaƴansa. Sharaɗi ɗaya ne, ya bayyana cikin kwana goma, in ba haka ba a ba wani. Na kuma riƙo masa tsaraba, juwan na kanti, sabo dal a cikin takardarsa, don ya ɗaure Tabawa ɗaurin ƙarshe ya miƙa ta ga wani direba.

Ya riƙe takardar da hannu biyu. Saura abu ɗaya, ya nemi izinin tsohon. Motarsa zai bari, ƴarsa zai ɗauka da jikokinsa, ba a yin wannan a ɓoye. Ya ce wa Balki ta kai maganar, ta ce ita tana son tafiyar, amma ba da bakinta za a gaya wa ubanta gidansa zai koma kango ba. Uban Halidu ya rasu, nawa ya rasu, babu babban da za a tura. Kwana ɗaya, biyu, har shida, mutumin nan yana zagaye zauren surukinsa kamar an ɗaure shi a turke. Na zage shi tas. Na ce masa ragon banza, ni na zubar da mutuncina a Arlit don kai, kai ka kasa buɗe baki.

Ran na bakwai da safe aka ga baƙin tabo ƙarƙashin Tabawa.

Ya ce, "To, yau za ni hwaɗa mai. Rami ɗai muka magana."

Na ce, "Ƙahwata ƙahwarka. In shiga in riƙe ma karte, in kuma ji da kunnena."

Muka shiga da hantsi, kafin tsohon ya fito. Ban taɓa ganin aikin nan a hannunsa daga farko ba sai ranar. Ya kwance toshiyar ƙasa, baƙin mai ya zubo cikin tsohuwar tasa, ya bar shi ya tsane sarai. Sannan ya bi bulon ɗin da ke kewaye da bakin karten ɗaya bayan ɗaya, yana jera su a kan tsumma bisa tsarin da ya ciro su, don kowane ya koma raminsa. Ya bar biyu a kusurwa suna riƙe, ya ce in tallafa. Ya ɗauki guntun icce ya bubbuga gefen a hankali. Ya ce ba a zura ƙarfe a ɓamɓare shi, bakin zai lalace. Karten ya saki, ya sauko hannuna da nauyinsa da ɗuminsa.

Ina ajiye shi idona ya faɗa kan tsumman. Duk bulon ɗin kawunansu lafiya lau, in ban da biyu na baya. Waɗannan an tattaune su, duk sun yi zane-zane, kusurwoyin sun cinye. Ni mai walda ne, na san aikin kile, na san aikin awartaki. Wani ne yake kama su da awartakin maƙera yana murɗawa, kuma ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba.

Na ce, "Kai, Halidu! Wani ka kwance ma..."

Ya toshe mini baki da tafin hannunsa, baƙin mai har cikin haƙorana. Ya matso da bakinsa kunnena ya ce, "Na sani. Tun ɗigo na biyu na sani. Yi kurum."

Kafin in gama haɗiye maganar muka ji jan takalmi da ƙwanƙwasar sanda. Aka shimfiɗa buzu a bakin ramin, haske ya ragu. Baba Ɗangana ya zauna ya jingina da hancin mota. A lokacin idonsa ya fara hazo, bai san mu biyu ne a ƙasa ba. Ni kuwa ba hanyar fita sai ta kan ƙafafunsa. Na tsuguna nan, wuyana a lanƙwashe, zufa tana bin bayana, ina kallon gefen rigarsa da ya zubo cikin ramin. A bakin hannun rigar akwai tabon baƙin mai wanda wanki bai fitar ba. Sai a lokacin na gane. Tsoho mai shekara saba'in, mai jikoki, shi ke shiga ramin nan bayan sallar asuba yana lalube, don ya samu wanda zai yi hira da shi. Balki ke wanke rigunan, ashe ita ma ta sani.

"Tabawa, an tashi lahiya?"

Halidu ya ce, "Lahiya lau. Ɗan ɗigo na, ba yawa."

Ya jawo karten gabansa ya fara kankare tsohon juwan da bakin wuƙa, a kwance yake riƙe da ita don kada ta karci ƙarfen. Tsohon ya tambayi albasar bana, ya tambayi ko an gyara gadar nan ta hanyar Keita, ya ba da labarin wani raƙumi da ya taɓa cizon wani Buzu abokinsa a kunne. Halidu yana amsawa, yana wanke karten da gazuwal, yana ɗora bakinsa a kan faffaɗan dutse yana duba ko ya miƙe. Ni ina mintsininsa a cinya. Ya buɗe baki sau biyu, sau biyu yana rufewa. Na rantse da zan iya miƙewa da na shaƙe shi.

Can hirar ta yanke. Da tsohon ya sake magana muryarsa ta canza.

"Tabawa, na ji likitanki ya samu takarda."

Wuƙar ta tsaya a hannun Halidu.

"Garin ga ba a ɓoye komi. Kwana bakwai ina jiran shi hwaɗi, bai hwaɗi ba, na san kunya ta. To ki gaya mai, ni ban riƙe shi ba. Shi tahi. Shi ɗauki matatai da ɗiyanai, Allah shi ba da sa'a. Nawa na cikina sun tahi ba su waiwayo ba, balle shi da yay yi mini shekara tara." Ya yi tari, ya share hanci. "Ki ce mai kuma shi gahwarta mini. Na ɓata mai suna cikin mutane. Suna ce mai Yoyo, alhali hannunai bai taɓa kuskure ba. Ni na. Kaɗaici yas sa ni. Wanga karon shi ɗamre ki da kyau, ba mai sake taɓa ki."

Sai muka ji ƙarar ƙarfe a ƙasa. Ya turo wani abu da sandarsa, ya gangaro cikin ramin ya tsaya a gaban gwiwar Halidu. Ɗan ƙaramin awartaki ne, hannunsa ya yi santsi don riƙo.

Zuciyata ta yi fari ƙal. Na ce a raina shi ke nan, an buɗe ƙofa, ba roƙo ba rigima. Na zaro juwan na kanti daga takardarsa na miƙa wa Halidu ina washe baki. Ya karɓa. Ya shafa shi da yatsa tun daga wannan kusurwa har waccan, ya ɗora shi a bakin karten, ya zauna daram, kowace huda a kan hudarta. Ya daɗe yana kallonsa, hawaye suna yanko hanya cikin baƙin man da ke fuskarsa.

Sannan ya ɗaga shi ya mayar cikin takardarsa, ya ajiye a gefe. Ya miƙa hannu bayansa ya jawo kwalin sukari.

Na kama hannunsa na murɗe. Ya fizge, ko kallona bai yi ba. Ya shimfiɗa kwalin a bakin karten, ya ɗauki ƙaramar hamarsa mai mulmulallen kai, ya fara bi yana ƙwanƙwasawa a hankali, ƙarfen da ke ƙasa yana yanke kwalin daidai da siffarsa. Kowace huda ya ɗora kan hamar ya buga sau ɗaya, ta fita. Ya shafe shi da giris ciki da baya. Ya yi mini alama in ɗaga. Me zan yi? Na ɗaga, ina cizon leɓe. Ya mayar da bulon ɗin, ya fara ɗauri daga tsakiya, wannan gefe sannan wancan, kaɗan-kaɗan har zagaye uku, don kada bakin ya karkace. Da ya zo kan biyun nan na baya sai ya ajiye kile. Da yatsunsa ya murɗa su, iyakar inda hannun tsoho zai iya kwancewa ba wahala.

Ya ɗauki awartakin, ya goge shi da tsumma, ya tura shi waje har ya taɓa gefen buzun.

Ya ce, "Tabawa, ki ce ma Baba ga ƙarhenai, ya hwaɗo rami. Shi adana, kar shi ɓace. Ki ce mai kuma takardag ga, an diba, aikin bai yi ba. Can sanyi gare shi, ni kau ban son sanyi."

Mun ga hannun tsohon ya sauko yana lalube a ƙasa, ya samu awartakin, ya riƙe. Ya fi minti goma a zaune, kafaɗunsa suna motsi. Daga baya ya naɗe buzunsa ya shige zaure.

Da muka fito na yi masa wankin babban bargo. Na ce ya kashe kansa, ya kashe Balki, ya kashe ƴaƴansa, saboda tatsuniyar raƙumi. Na ce an sake ka, da kunnena na ji, wa ya riƙe ka? Yana zuba mai a inji bai ɗago ba. Ya ce, "Da ya hana ni, Kalla, da na tahi. Wallahi da na tahi." Na koma Arlit ni kaɗai, na shekara biyu ban aiko masa ko gaisuwa ba. Har yau ban ce ya yi daidai ba. Balki ta yi wata guda ba ta yi masa dariya ba, kuma ina bayanta.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗa. Bayan ƴan shekaru aiki ya ja baya a Arlit, aka daina ɗaukar mutane, ni ma na dawo gida da akwatina. Ƙofar da na buɗe masa ba ta sake buɗewa ba. Farin 1984 ya zo, Tabawa ta yi ta jigilar hatsi tsakanin Madawa da ƙauyuka har ƙarfinta ya ƙare. Shekara biyu bayan haka injin ya mutu murus, mutuwar da ko Halidu bai iya tayarwa ba. Aka tura ta bisa ramin, tayoyi suka sace, kaji suka samu wurin ƙwai. Halidu ya koma gyaran injin ban-ruwa na masu albasa da facin keke, mutumin da ya haddace injin gazuwal tun daga hoto.

Idon tsohon ya rufe gaba ɗaya, ƙafa ma ta ƙi. Ba ya iya shiga rami, kuma ba man da zai ɗiga. Duk da haka, bayan kowane sati shida sai ka ga Halidu ya ɗauki kile ya shige ƙarƙashin matacciyar mota, Balki ta riƙo hannun ubanta ta zaunar da shi a kan buzu. Ya kwance karte, ya yanka kwali, ya mayar, suna hira. Mutanen gari suka ce Yoyo ya fara taɓuwa. Ni da na san komai na daina kiran sunan, amma ya riga ya fi ƙarfina.

Baba Ɗangana ya rasu cikin damina ta 1988. Halidu ne ya shiga kabari ya karɓe shi. Ya ce mini ranar ce ya fara kallon fuskarsa sosai tun ranar ɗaurin aure, shekara goma sha shida.

Washegarin sadakar arba'in ya aiko a kira ni. Na same shi a gindin bedi, furfura ta fito masa a gemu, bayansa ya ranƙwafa irin na wanda ya daɗe yana tsugune. A hannunsa akwai takardar nan da na kawo daga Arlit, ta yi ja don tsufa, juwan na kanti yana ciki ba a taɓa shi ba.

Ya ce, "Zo ka riƙe mini karte."

Muka kori kaji muka shiga. Ya kwance, ya kankare, ya wanke, ya duba bakin a kan dutse, bai tsallake komai ba. Ya ɗora juwan ɗin, na ɗaga. Ya zaro sababbin bulon biyu daga aljihu ya sa a baya, a madadin tattaunannun. Ya bi su duka da kile, daga tsakiya, wannan gefe sannan wancan, har zagaye uku. Sannan ya fita ya ɗauko jarkar mai cike, man da ya isa ya yi wa injin ban-ruwa biyu aiki, ya juye shi duka cikin injin da ba zai sake tashi ba. Ya shimfiɗa farin tsumma a ƙasan karten.

Na ce, "Halidu, wagga mota ta mutu. Don mi?"

Ya ce, "Ka dawo gobe ka diba tsumman."

Na dawo da safe, na dawo bayan sati, na dawo bayan wata. Tsumman yana nan fari, ko ɗigo ɗaya babu. A zuwana na ƙarshe na same shi zaune a bakin ramin, daidai inda ake shimfiɗa buzu, ya jingina da hancin mota. Na tsuguna na leƙa, na ɗago na ce masa ba komai.

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To ka tahi tasha ka hwaɗa musu. Kai kar raɗa sunan. Ka ce musu na iya."

Na je tashar Madawa ran kasuwa, na tsaya inda na tsaya wancan karon. Direbobin da suka yi dariya a lokacin, wasu sun mutu, wasu sun bar tuƙi. Waɗanda na tarar samari ne masu sababbin motoci. Na faɗa musu duk da haka, tun daga farko har ƙarshe. Suka saurare ni don ganin furfurata, sannan ɗaya ya tambaye ni wane Halidu nake nufi.